Agwagin Matar Mai Guga

Kwalin ya iso da hantsi a bayan babur, daidai lokacin da Mai Guga yake fama da wuyan wata farar riga da ya ƙi kwanciya. Ɗan aiken ya dire shi a kan teburin karɓar kaya, ya jingina wani ƙaramin buhu a gefensa, ya ce saƙon matar gidan ne. Kafin Mai Guga ya kafe dutsen guga ya zagayo, mutumin ya tada babur ya ƙara gaba. Kwalin kuwa sai kuka yake ta 'yan hujojin da aka huda masa, wani siririn kuka mai shiga kunne.

Ya buɗe. 'Yan agwagi ne goma sha biyu, rawaya, sun cure wuri ɗaya, kowanne ya ɗaga baki sama yana kai ƙara. Warin da ya bugi hancinsa ya sa ya ja da baya.

"Ta yi," ya faɗa shi kaɗai. "Wallahi matar nan ta yi abin da na ce kada ta yi."

Tun aurensu matar nan take cikin wankinsa. Ita ce jiƙo, ita ce dirzar wuyan riga, ita ce sitaci, har unguwa ta watsar da sunanta ta koma kiranta Maman Sitaci, sunan da ba ta taɓa so ba. Shago yana gaba, ɗakin guga a tsakiya, tsakar gida a baya, inda igiyoyin shanya suka yi layi a kan simintin da Mai Guga ya sa aka goge ya yi sumul don kada datti ya sami wurin maƙalewa. A gidan nan ko kyanwa ba a kiwo. Bara da ta fara maganar agwagi, ta ce tana so ta ga wani abu nata yana girma, sai ya yi dariya ya ce gidan fararen kaya ba ya haɗa hanya da tsuntsun da ke kwana cikin kashinsa. Ta yi shiru. Shi kuwa irin mazan nan ne da in mace ta yi shiru suke ɗauka ta yarda. Ashe ta je ta sa a kawo mata. Sai kuma ga tsautsayi: makon da ya wuce ta ɗauko bahon jiƙo, ƙafarta ta zame a tsakar gida, ƙashin ƙugunta ya karye. Yanzu tana kwance a asibiti an sa mata ƙarfe, autarsu da ke aure a wani gari ta zo tana jinyarta.

Ya lalubo waya yana huci. Auta ce ta ɗauka.

"Ba ni uwarki."

"Haba Baba, ko sannu? Yanzu fa aka gama wanke mata ciwon."

"Na ce ki ba ni ita."

Sai ya ji muryar matarsa, a gajiye amma ba a karye ba. "Sun iso ke nan. Ina jin kukansu."

"Sun iso, kuma yau ɗin nan za su koma inda suka fito. Ke da wa kika yi shawara?"

"Da kaina. Ko shi ma sai na nemi izini?"

"Gidana ne!"

"Na sani, maigida, ai kullum kana faɗa. To saurara. Auta ta ce in aka sallame ni za ta tafi da ni gidanta, kuma ba jinya kawai take nufi ba, zama take nufi. Ban ba ta amsa ba tukuna. Ban taɓa roƙonka komai ba a gidan nan. Ka riƙe mini 'yan agwagin nan har in tashi. In na tarar ka mayar da su, ko ka bar su sun mutu, ka san amsar da zan ba ta."

"Au, barazana kike mini?"

"Ka sa musu fitila, sanyi ne ajalinsu. Ka fara ba su ruwa kafin abinci."

Ta kashe wayar. Ya tsaya riƙe da ita a hannu, ya cika ya yi fam. Ya so ya yi jifa da kwalin kan titi. Amma a ƙarƙashin fushin akwai tsoro, tsoro na gaske, don ya san matarsa ba ta maimaita magana.

"To," ya ce wa kwalin. "Za ku rayu. Ko kuna so ko ba ku so, za ku rayu, 'yan banza."

Ya ɗauko babban bahon da ya fi kowanne tsafta, ya shimfiɗa masa sabuwar ledar nan mai sheƙi da yake naɗe kayan mutane da ita, don in sun ɓata a goge da tsumma a huta. Ya ajiye shi a kusurwar ɗakin guga, ya jawo wayar lantarki ya rataya ƙwan fitila a samansa. Zafi kam ya san shi, ai da shi yake cin abinci. Ya zuba ruwa a faranti, suka rufa a kai. Ya kwance buhun, ya ɗebo garin abincinsu ya zuba a wani farantin, ya ja baya yana kallo, hannuwa a baya, kamar mai duba aikin yaran shago.

Abin da ya gani ya kusa sa shi haɗiyar zuciya. Ɗan agwagwa ba ya cin abinci irin na masu hankali. Sai ya cika baki da gari, ya ruga wurin ruwa, ya tsoma, ya karkaɗa kai, ya dawo ya sake cikawa. A hanya ya taka na gabansa, na gaban ya faɗa cikin faranti. Kafin ka ce me, abinci ya koma laka, ruwa ya koma laka, su kansu sun koma laka. Da ya ɗaga kai kuwa, sai ya hangi ɗigo-ɗigon ruwan ƙasa-ƙasa a jikin zannuwan gadon wani masauki da ya goge tun safe ya rataye.

"A'a! Ba a gidana ba!" Ya fizge farantin ruwan. "A nan ana gama cin abinci ne sannan a sha ruwa."

Ya zuba musu busasshen gari. Suka ci, suka ci, sai ɗaya ya tsaya, ya miƙe wuya yana buɗe baki yana rufewa, babu ko ƙara. Na biyu ma ya fara. Mai Guga ya ruɗe, ya cafki na farkon ya tsoma bakinsa a ruwa. Ɗan tsuntsun ya haɗiye, ya karkaɗa kai, ya watsa masa laka a gaban riga, ya ci gaba da kuka. Dole ya mayar musu da ruwan yana ƙwafa.

Zuwa la'asar babu rawaya ko ɗaya a bahon. Gashinsu ya daskare da gari da kashi. Mai Guga ya goge riga, ya waiwayo, ya goge wando, ya waiwayo. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana korar datti ba zai iya zama ɗaki ɗaya da irin wannan ba. Kuma ya gaya wa kansa cewa abin da ya yi datti haka ciwo zai kama shi, in ciwo ya kama su ai shi ya shiga uku.

Saboda haka ya wanke su. A yi masa adalci, bai yi da mugunta ba. Ya sirka ruwa ya gwada da gwiwar hannu. Ya ɗauko sabulun da yake ajiyewa don siliki da kayan jarirai. Ya ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, ya cuɗa a hankali da ɗan yatsa, ya ɗauraye, ya dangwale da tawul. Ya canja leda. Ya ɗaga ƙwan fitilar sama sosai, don jiƙaƙƙen abu ba ya kusa da lantarki. Sannan ya buɗe taga, tunda duk wanda ya san wanki ya san kaya ba ya bushewa sai da iska. Suka tsaya a tsakiyar bahon, gashi ya manne a jiki, sun koma 'yan mitsi-mitsi suna karkarwa. Shi kuwa har wani daɗi ya ji. Ya ce musu yanzu suka yi kama da 'yan gidan mutunci, ya rufe ɗakin.

Da safe bai ji kuka ba. Huɗu suna kwance a ƙarƙashin 'yan uwansu, sun sandare. Sauran takwas sun yi laushi, ko ɗaga kai ba sa iya yi sosai. Ɗaya daga ciki yana kwance a kan cikinsa, ƙafa ɗaya ta yi gabas ɗaya ta yi yamma, yana ta shure-shure a kan ledar ya kasa tashi.

Nan take zuciya ta ɗebe Mai Guga. An cuce shi. An ga mace ba ta san komai ba an tura mata marasa lafiya. Ya sauke fitilar ƙasa, ya rufe taga, ya sa gawa ɗaya da mai shure-shuren a kwalin takalmi, ya duba sunan shagon a jikin buhu, ya fita ko shagonsa bai buɗe ba.

Shagon yana bayan kasuwa, cike da buhuna har rufi. Mai shi wata mace ce kakkaura, gari ya yi mata fari a gira, tana auna wa wani abincin kaji. Mai Guga bai jira layi ba, ya dire kwalin a kan sikelinta.

"Ke kika sayar wa matata wannan? Kwana ɗaya, huɗu sun mutu! Ku ba ku jin tsoron Allah?"

Matar ta leƙa kwalin. Ta ɗauki gawar ta juya ta, ta kai hanci, ta sake kaiwa. Ta ɗago ta dube shi.

"Malam, wannan ƙanshin fa? Wanka ka yi musu?"

"Na wanke su. Datti ne a jikinsu."

"Da sabulu?"

"Mai kyau. Na kayan jarirai."

"Innalillahi! Jama'a ku zo ku ji!" Ta tafa hannu, gari ya tashi. "'Ya'yan da ba su da uwa? Uwarsu ce take shafa musu mai daga jikinta, shi yake hana ruwa ratsa su. Waɗannan inji ne ya ƙyanƙyashe su, ba su da komai a duniya sai ɗan gashin nan. Ka jiƙa shi, ka cuɗe shi da sabulu, sannan ka zo nan kana tambayata tsoron Allah?"

"Ki iya bakinki, ni ba sa'anki ba ne."

"Ai da sa'ana ne da ba da baki zan yi ba." Ta ɗauko mai rai ta ɗora a tafin hannunta, ƙafafunsa suka baje. "Shi kuma wannan a kan me ka ajiye shi?"

"Leda. Sabuwa fil."

"Leda! Ƙafar da ba ta yi ƙwari ba ka ɗora a kan santsi? Ko babban mutum ka sa a kan santsi ai sai ya karye, balle wannan."

Maganar ta soki Mai Guga. Ba ta san abin da ta taɓo ba. Sau nawa matarsa ta ce masa simintin tsakar gida yana kwasar ƙafa in ruwan sabulu ya zuba, shi kuma ya ce ta dinga duba gabanta?

Matar ta yanko siririn filasta, ta haɗa ƙafafun ɗan agwagwan ta ɗaure su da 'yar tazara, yadda zai iya tsayawa amma ba za su baje ba. Tana yi tana zazzaga. A shimfiɗa musu abu mai kaushi. Ruwa ya zauna kusa da abinci dare da rana, mai zurfin da za su tsoma baki har hanci amma jiki ba zai shiga ba. Ta ce ya sami galan ya huda masa tagogi a gefe, ya zuba musu ruwan a ciki. In sun cure a ƙarƙashin fitila sanyi suke ji, in sun gudu gefe zafi ya yi yawa. Datti kuwa shimfiɗa ake canjawa, ba tsuntsu ake wankewa ba.

"Matarka ta san duk wannan," ta ce tana miƙa masa kwalin. "Ta yi wata da watanni tana zuwa nan tana tambaya, har na gaji da ita. Ba ta gaya maka ba?"

"Ba ta gaya mini ba."

"Ko dai ba ka tambaya ba."

Ya fito yana jin kunnuwansa suna zafi. Yana jin haushin mai shagon, yana jin haushin matarsa da ta yi watanni tana zuwa bayan kasuwa bai sani ba, yana jin haushin Auta da ta zo raba masa gida. Amma duk wanda ya ɗora wa haushin sai ya zame ya dawo kansa, wannan kuwa shi ya fi ciwo.

A gida ya nemi abu mai kaushi ya rasa, komai nasa sumul ne. Ya tsaya a gaban teburin guga ya daɗe, sannan ya yaye farin ƙyallen sama, ya zare tsohon bargon da ke ƙasa, bargon da ya san kowane ƙunan jikinsa, ya sa almakashi ya raba shi gida-gida. Ya huda galan. Ya kwashe kayan mutane kaf daga ɗakin ya mayar da su shago, ya bar wa agwagi ɗakin guga. Ya bi su ɗaya-ɗaya yana tsoma bakinsu a ruwa mai ɗumi har suka fara kuka, kukan nan da jiya ya tsana. Ya haƙa rami a bayan gida ya binne huɗun. Da ya dawo tsakar gida bai ajiye gudumar da ya fasa ƙasa da ita ba. Ya durƙusa a kan simintin da yake alfahari da shi ya dinga sara, yana sara yana zagi, har maƙwabcinsa ya leƙo ta katanga yana tambaya ko lafiya.

"Lafiya ce ta kawo haka!" ya daka masa tsawa.

Takwas ɗin suka rayu. Suka ci kamar ba gobe, suka ɓata bargo, ya wanke bargo, suka sake ɓatawa. Hannunsa yana ƙaiƙayi duk lokacin da ya ga gari ya daskare a bayan wani, sai ya cusa hannun a aljihu ya ja tsaki. Ya koyi yanka musu ganye ƙanana-ƙanana ya watsa a ruwa. Da ya shigo ɗakin sai su taso gefen bahon su yi ta ihu, shi kuma ya ce musu su rufe masa baki, ba ubansu ba ne. Mai filastan ya sa masa suna Gurgu. Manyan suna ture shi a wurin abinci, don haka sai ya ware shi ya ci shi kaɗai a kan cinyarsa, a kan wandon da a da ko ƙuda bai isa ya sauka ba.

Yana zuwa asibiti da yamma ɗauke da zannuwanta a goge, don ita ce kaɗai gaisuwar da ya iya. Ta ce, "Yaya agwagina?" Ya ce, "Suna ci." Ta dube shi, ya dubi bango. Bai yi ƙarya ba, amma kullum ya fito sai ya ji kamar ya yi.

Ranar da aka sallame ta, mota ta tsaya a ƙofar shago. Matarsa tana kishingiɗe a kujerar baya, an tokare ta da matasai. Auta ce ta shigo. Ta wuce ɗakin uwarta ta haɗa jaka biyu, babba da ƙarama, ta kai wa direba ya sa a but. Ta dawo riƙe da kwali.

"Baba, Mama ta ce in ɗauko agwagin."

Mai Guga ya riga ta isa ƙofar ɗakin guga, ya tsaya a ciki. Ta leƙa ta ƙarƙashin hannunsa, leɓunanta suna motsi.

"Takwas? Baba, ina sauran?"

"Ba ke zan gaya wa ba."

"To matsa in ɗauka."

"Ba inda za su."

"Baba, nata ne fa!"

"Na ce ba inda za su! Ni na haife ki ko ke kika haife ni?"

Ya ja ƙofar ya kulle, ya jefa makullin a aljihu, ya fita waje. Matarsa ta sauke gilashi. Ta rame, kuma ganin haka ya ƙara masa haushi, bai san na wa ba.

"Huɗu sun mutu," ya ce. "Tun washegarin zuwansu. Ni na kashe su. Wanke su na yi da sabulu, na buɗe musu taga."

Ta rufe ido. Da ta buɗe, hawaye ne a ciki, amma muryarta a bushe take. "Abu ɗaya. Abu ɗaya tak na roƙe ka. Kuma kana zuwa kullum kana ce mini suna ci."

"Ai suna ci."

"Kada ka raina mini hankali! Ba ni sauran in tafi."

"Ba zan bayar ba."

"Me ka ce?"

"Na ce ba zan bayar ba. Tafiyar nan nisa gare ta, babu fitila a mota, kafin ku isa kin rasa rabi. Akwai ɗaya da aka ɗaure wa ƙafa, ba ya ci sai an ware shi. Gidan Auta tayil ne ko'ina, santsi ne, za su karye. Ke kanki ba ki iya sunkuyawa, wa zai canja musu shimfiɗa? Wannan?" Ya nuna Auta da baki. "Wadda ko ruwan zafi ba ta iya sirkawa?"

"Baba!"

"Yi mini shiru, da uwarki nake." Ya dafa ƙofar motar. "Kin ce in sun mutu na san amsar da za ki ba ta. To na sani. Ki ba ta. Amma agwagin nan suna nan. In kina son abinki, kin san gidan, ki tako da ƙafarki ki ɗauka."

Direba ya sunkuyar da kai yana ta gyaran madubin da ba abin da ya same shi. Matar ta daɗe tana kallon mijinta, tun daga kai har ƙasa, ba ta ko ƙifta ido.

"Kai mugun mutum ne," ta ce. "Ka san haka?"

"An gaya mini."

"Ban yafe huɗun nan ba."

"Ban ce ki yafe ba."

Ta juya kai ta dubi gaba. "Auta, buɗe but. Sauke babbar jakar nan ki mayar ciki. Ƙaramar ta ishe ni."

"Mama, amma ai mun yi magana..."

"Na ce ki sauke. Da likita ya ce in ajiye sandar dogarawa za ki dawo da ni." Ba ta waiwayo ba. "Ba don kai ba ne, kada ma ka fara. Ka bari ɗaya ya ƙara mutuwa ka gani."

Gilashin ya ɗaga. Auta ta dire jakar a bakin shago, ta shiga mota ta bugo ƙofa ba ta yi masa sallama ba. Mai Guga ya tsaya har suka sha kwana. Sannan ya sunkuya ya rungumi jakar, ta fi ƙarfinsa, ya sake kamawa ya ja ta ciki, yana ta faɗa shi kaɗai a kan mata da tarin kayansu, ga hawaye yana zuba a gemunsa bai damu ya share ba.